Waƙoƙinmu na cikin kowace waya, bashin situdiyo na kanmu: mu kai ƙara wurin hukuma?

Mama Rifkatu: Salama a gare ku 'yan'uwa. Ina da maganar da ta hana ni barci, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai fastoci da masu ilimin doka a cikinmu. Mu matan zumunta na ikilisiyarmu mun yi shekara biyu muna tara kuɗi, wata ta sayar da masararta, wata ta ba da kwasar adashinta, muka shiga situdiyo a Jos muka ɗauki waƙoƙi goma sha biyu. Takwas daga ciki ni na tsara su. Ba a yi wata guda da ƙaddamarwa ba sai na ji muryata tana tashi a shagon masu tura waƙa a waya a bakin tasha. Na tambayi yaron, ya ce in ba shi ɗari biyu ya zuba mini duka har da ƙari. Bai san da mai waƙar yake magana ba. Bayan haka wani ya ɗora su a YouTube da sunan wata ƙungiya dabam. Mai situdiyo kuwa har yau yana bin mu ciko. Ɗana ya ce mu kai ƙara hukumar kare haƙƙin mallaka. Wasu matan suka ce a'a, waƙar Ubangiji ce, ba a kai ƙara a kan bishara. To ina tambaya, aikin gwamnati ne ta tsare mana wannan? Kuma ya dace mai bi ya nemi ta yi?

Istifanus: Sannu Mama, Allah ya ba da haƙuri. Amma ku gafarce ni, ina bayan matan da suka ce a bari. Matiyu 10:8 ta ce kyauta kuka samu, ku bayar kyauta. Baiwar waƙa ba a kasuwa kuka saye ta ba. Sannan mu duba kalmar sata da kyau. Idan na ɗauke akuyarki, kin wayi gari ba akuya. Idan na kwafi waƙarki, taki tana nan, tawa tana nan. Me ya ɓace? Manzo Bulus da kansa ya ce wa Kolosiyawa in sun karanta wasiƙarsa su sa a karanta ta a Lawudikiya. Da an sa wa wasiƙun nan doka irin ta yau, da ba su iso mu ba.

Mama Rifkatu: Ɗana, masarar da aka sayar ta ɓace ai.

Rabaran Ishaku: Istifanus, ka tsaya a aya ta takwas, ka ƙara taku biyu ka isa ta goma. A nan Ubangiji ya ce ma'aikaci ya cancanci abincinsa. Baki ɗaya ne ya faɗi duka biyun, a zama ɗaya, ga mutane ɗaya. Kuma tunda ka kawo Bulus, buɗe 1 Korintiyawa 9. Ya ɗauki dogon lokaci yana kafa hujja cewa yana da haƙƙin a ciyar da shi: wane soja ne ke yaƙi da guzurinsa, wa ke dasa inabi ba ya cin 'ya'yansa, har ya jawo dokar Musa da ta hana sa wa sa takunkumi yana sussuka. Sai da ya gama tabbatar da haƙƙin nan tsaf, sannan ya ce bai mori ko ɗaya ba, don kada ya sa wa bishara shinge. Ka lura da jerin. Shi ya ajiye haƙƙinsa da hannunsa. Ba Korintiyawa ne suka ƙwace suka ce masa ai kyauta ka samu ba. Abin da aka yi wa matan nan ƙwace ne, aka kuma laƙa masa aya.

Istifanus: Na ji Baba. Amma ko da haƙƙin yana nan, me ya kawo gwamnati ciki? Romawa 13 ta ce mai mulki yana riƙe da takobi don mai aikata mugunta. Yaron da ke neman na abinci da tsohuwar kwamfuta shi ne za a zare wa takobi?

Barista Habila: Bari in shimfiɗa abin da doka ta ce kafin a ci gaba, don kada a yi ta muhawara a kan abin da ba haka yake ba. Mama, waƙoƙinku suna da kariya tun ranar da aka ɗauke su, ba sai kun yi rajista ba. Rajista a hukumar tana taimakawa ne wajen shaida kawai. Hukumar ta fara aiki a 1989 bisa dokar 1988, kuma yanzu akwai sabuwar doka ta 2022 wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023. A ƙarƙashinta kalmomi da karin waƙa suna hannun mai su tsawon ransa da shekara 70 bayan mutuwarsa, shi kuma sautin da aka ɗauka shekara 50. Sabuwar dokar ta tanadi hanyar rubuta wa masu shafin intanet su sauke abin da aka ɗora ba da izini ba. Ita YouTube ma tana da fom nata na wannan, ba ko sisi. Idan har ta kai ga shari'a, Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumi, kuma ba zan ɓoye muku ba, kuɗin lauya da zirga-zirga za su fi cikon situdiyon yawa.

Abu biyu ne a gabanku, kada ku haɗa su. Akwai yaron tasha da ke sayarwa ba izini. Akwai wanda ya cire sunanku ya sa na wasu. Na biyun ya fi muni a wurina, domin ƙarya ce tsagwaronta.

Malam Bitrus: Barista ya taɓo inda nake so. Ina koyar da tarihin ikilisiya, kuma wannan rigima ta girmi kakanninmu. A 1525 wani mai jera haruffa ya sace wani sashe na rubutun wa'azin Martin Luta, jagoran gyaran ikilisiya, a Witenbag ta ƙasar Jamus, aka kai birnin Nurembag aka buga tun bai gama ba. Luta bai karɓi kuɗi a kan littattafansa ba, wannan sananne ne. Duk da haka ya fusata, ya kwatanta masu buga irin wannan da 'yan fashi da ɓarayi, kuma ya rubuta wa majalisar birnin Nurembag yana neman ta tsawata musu. Dalilansa biyu. Na farko, masu ɗab'in da suka zuba kuɗi da wahala a aikin na gaskiya suna tafka asara. Na biyu, ɓarayin suna gaggawa, suna tsallake layi, suna ɓata ma'ana, har ya ce ba ya gane littattafansa. Shi ya sa aka riƙa buga tambarinsa na fure a kan bugun da ya amince da shi. Ga mutumin da ya ba da aikinsa kyauta, ga shi kuma a ƙofar hukuma. Bai ga saɓani a ciki ba.

Akwai kuma tsohon labari daga ƙasar Ayalan, na ƙarni na shida, cewa wani mai bishara, Kolumba, ya kwafi littafin Zabura na malaminsa Finiyan a ɓoye, aka kai gaban sarki, sarki ya yanke cewa kowace saniya da ɗan maraƙinta, kowane littafi da kwafinsa. Labarin ya ce hukuncin nan ya jawo yaƙi. Nakan ba ɗalibaina shi su yi gardama, kuma kullum ajin rabuwa yake biyu.

Istifanus: Malam, ni ina bayan Kolumba. Kuma Agustin na Hippo, bishop na zamanin da, ya rubuta cewa abin da ba ya raguwa in an bayar, wanda ya riƙe shi bai bayar ba bai riƙe shi yadda ya kamata ba. Zabura fa ake magana!

Malam Bitrus: Haka ya faɗa, a kan sanin Maganar Allah. Ban musa ba. Amma takarda da tawada da kuɗin situdiyo suna raguwa in an bayar.

Dauda: Ina karantawa tun ɗazu, zuciyata ba ta bar ni in yi shiru ba. Mama, ni ma sana'ar tura waƙa nake yi, ko da yake ba a garinku ba. Da ita nake biyan kuɗin makarantar ƙannena biyu. Gaskiya ban taɓa zama na yi tunanin masu waƙar ba. Abokin sana'a ya turo maka, kai ma ka tura wa wani, haka abin yake tafiya. Kuma ku sani, mutanen ƙauye da ke zuwa wurinmu ba su da abin kunna faifai, ba su da kuɗin data. Memori ne cocinsu na cikin mako. In hukuma ta kwashe kwamfutocinmu, waƙarku ba za ta kai gona ba. Ba ina wanke kaina ba ne. Ina so a san yadda abin yake a ƙasa.

Mama Rifkatu: Dauda, na gode da ka fito fili. Ba na son a kama kowa. Amma ka ga yadda abin yake, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da kyauta kuke turawa da ban buɗe baki ba. Kuɗi ake karɓa, ba mu ganin ko ƙwandala.

Rabaran Ishaku: Nan ne dokar Musa take da abin koya mana, kuma ina roƙo a karanta ta a hankali. Maimaitawar Shari'a 23:24-25 ta ce in ka shiga gonar inabin maƙwabcinka ka ci ka ƙoshi, amma kada ka zuba a jaka. In ka ratsa hatsinsa ka zaga da hannu, amma kada ka sa lauje. Littafin Firistoci 19 ta hana mai gona girbe gefen gonarsa, ta ce a bar kala domin matalauci da baƙo. Da wannan kalar Rut ta ciyar da Na'omi. To dubi hikimar. Gonar ta mai ita ce, doka ta tsare masa. Amma ba tasa ba ce har iyakar ƙarshe, akwai rabon mai yunwa a ciki. Tsohuwar da jikanta ya tura mata waƙa ta saurara tana tsinkar gyaɗa, kala take yi, ni ba zan kira ta ɓarauniya ba. Wanda ya kafa shago yana sayarwa ya shigo da lauje da buhu.

Game da gwamnati kuwa, Istifanus, takobi ba shi ne kaɗai aikin mai mulki ba. Akwai tsare mudu da ma'auni. Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin zamba abin ƙyama ne ga Ubangiji. Yakubu 5:4 ta ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka. Irmiya 22:13 da sarki take magana kai tsaye, kaiton wanda ya sa maƙwabcinsa aiki bai biya shi ba. In hukuma za ta tsare wa mai ɗaukar kaya ladansa, ban ga dalilin da za ta ƙyale na mai tsara waƙa ba don kawai aikinsa ba ya auno a sikeli.

Laraba: Baba, na yarda da ku a kan waƙa. Amma tunda an ce haƙƙin mallaka, a taɓo ɗaya ɓangaren, na takardar mallakar ƙirƙira da ake kira fatent, domin a nan ne na ga mutuwa da idona. Na fara aikin jinya lokacin da maganin rage kaifin cutar ƙanjamau ya fi ƙarfin kowa. Wajen shekarar 2000 maganin mutum ɗaya na shekara ya haura dala 10,000. Mun san maganin yana duniya, muna kallon mutane suna ƙarewa a gado. Afirka ta Kudu ta yi doka a 1997 don samo magani mai araha, kamfanonin magani 39 suka maka ta a kotu, sai a Afrilu 2001 suka janye saboda duniya ta yi musu caa. A shekarar nan kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai ba da haɗin magani uku a kan dala 350 a shekara. Ku duba tazarar. Su ma kamfanonin nan haƙƙinsu suke karewa, kuma doka ce ta ba su. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Shi ya sa in na ji mai bi yana cewa haƙƙin mallaka daidai yake da "kada ka yi sata", jikina yakan yi sanyi.

Barista Habila: Anti Laraba, gaskiyarki, kuma doka ma ba ta ɗauke su abu ɗaya ba. Gonarka ba ta da wa'adi, fatent kuwa shekara 20 ne ya faɗi, kowa ya ɗauka. Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da jama'a: ka bayyana sirrin yadda ka yi, mu ba ka 'yan shekaru kai kaɗai ka mayar da kuɗinka. Dokar farko ta haƙƙin marubuta a Ingila, ta 1710, shekara 14 ta bayar, in marubucin yana raye a ƙara masa 14. Tsarin mulkin Amurka ma ya ce na ƙayyadadden lokaci ne, don ilimi ya ci gaba. Kuma bayan rigimar da kika faɗa, a Nuwamba 2001 ƙasashen ƙungiyar ciniki ta duniya suka amince a birnin Doha cewa yarjejeniyarsu a kan fatent ba za ta hana ƙasa kare lafiyar mutanenta ba, tana iya ba wani kamfani izinin yin maganin ko mai fatent bai so ba.

Rabaran Ishaku: To ka ga kala ke nan, da shekarar Jubili, wadda a cikinta ake mayar wa kowa gonarsa. Firistoci 25 ta ce ba a sayar da ƙasa har abada, domin ƙasar ta Ubangiji ce. In ƙasa da ake taɓawa da hannu haka take, balle ilimi. Kuma Karin Magana 11:26 ta ce mai ɓoye hatsi jama'a za su la'ance shi. Gwamnatin da ta tsare ladan mai ƙirƙira ta bar marar lafiya ya mutu ta yi rabin aikinta ne, rabin da ya fi sauƙi. Ni shekara 70 bayan mutuwa ma ta yi mini yawa, in za a tambaye ni. Jikan jika ba shi ya yi aikin ba.

Laraba: Waɗanda suka gano insulin, maganin ciwon suga, a Kanada sun sayar wa Jami'ar Toronto fatent ɗinsu a 1923 a kan dala ɗaya kowannensu. Kullum ina tuna su.

Malam Bitrus: Amma lura, sai da suka karɓi takardar sannan suka miƙa ta. Da sun bar abin a fili, wani zai iya rigan su ya yi rajista ya rufe ƙofa. Maganar Baba ce ta Bulus ta dawo.

Injiniya Yohanna: Ku bar ni in sa baki a matsayin mai walda. Na yi shekara uku ina gyara injin ɓarar gyaɗa har ya daina fasa ƙwaya. Na lalata ƙarfe ba adadi. Wani ya sayi guda ɗaya, ya kwance, ya auna, yanzu yana yin nasa da ƙarfe marar kauri yana sayarwa ƙasa da nawa, in ya lalace kuma a ce irin nawa ne. Na je neman fatent, aka bayyana mini cewa a dokarmu ta 1970 ofishin rajista takardu kawai yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne, in rigima ta tashi kai da kotu. Wato ko na samu takardar, kare ta sai mai kuɗi. Saboda haka tambayata ba ko gwamnati tana da hurumi ba ce. Tana da shi. Tambayata, wa take tsare wa? In babban kamfani ne kaɗai ke iya morar dokar, ta zama irin shari'ar gonar Nabot, wadda sarki Ahab ya ƙwace.

Barista Habila: Akwai misali mai kyau a gida. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta samar da maganin sikila mai suna Niprisan daga haɗin wani mai maganin gargajiya wanda kuma limamin coci ne, Rabaran Paul Ogunyale. Cikin haɗin akwai masoro da kanumfari da karan dafi. Ba su karɓe ilimin suka sallame shi ba, sun yi yarjejeniya da shi a rubuce, sunansa kuma yana cikin fatent ɗin da aka samu a Amurka a 1998. Ka kwatanta da na itacen dogon yaro, wanda wani kamfanin Amurka ya samu fatent a Turai a kan maganin feshi daga cikinsa, alhali manoman Indiya sun daɗe suna amfani da shi. Sai da aka yi shari'a aka soke a 2000. Dokar tana iya tsare talaka, tana iya zama hanyar yi masa fashi.

Talatu: Mama Rifkatu, ki yi haƙuri da tambayata. Sauran waƙoƙi huɗun fa? Na san yawancin waƙoƙin zumunta karinsu na gargajiya ne, na niƙa da na biki, aka sa musu kalmomin bishara. Su na wa ne?

Mama Rifkatu: Kin taɓa ni a inda ban zata ba. Biyu daga ciki karin kakata ne, tana rera su a bakin dutsen niƙa. Ita ma ba ta ce ita ta ƙirƙira ba. Ban taɓa tunanin ina bin wani bashi a kansu ba.

Barista Habila: Dokar tana da sashe a kan kayan gargajiya, hukumar ce ke riƙe da su a madadin al'umma. Kalmominku da sautin da kuka ɗauka naku ne. Karin kuwa ba za ku hana wata ƙungiya rera shi ba.

Istifanus: To kun gani. Kowa daga wani ya ɗauka. Har yanzu ban gamsu cewa ikilisiya ta riƙa sa shinge a kan abin sujada ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, amma sai ga shi fassarori da yawa ba ka isa ka buga ka raba ba sai da izini. Na ji daɗi da ƙungiyar Biblica mai fassara Littafi Mai Tsarki ta saki fassarar Sabon Rai Don Kowa da buɗaɗɗen lasisi, kowa ya kwafa ya raba muddin ya faɗi inda ya samo. Haka ya kamata a yi da komai namu.

Malam Bitrus: Ni ma na yaba musu. Amma wannan lasisin a kan dokar haƙƙin mallaka yake tsaye. Ita ce ta ba su ikon cewa in ka canja nassin kada ka laƙa masa sunanmu. Cire dokar, sharaɗin ya zama roƙo.

Istifanus: Na karɓi wannan a kan suna da gaskiyar nassi. A kan kuɗi ban karɓa ba tukuna.

Rabaran Ishaku: Ba laifi, riƙe naka. Mama, ga shawarata. Wanda ya sa sunan wasu a waƙarku, ku cika fom a sauke, ba zalunci a ciki, Irmiya 23:30 ma ta tsawata wa masu satar magana daga juna. Yaron tasha kuwa a fara bincika ko ɗan ikilisiya ne. In haka ne 1 Korintiyawa 6, wadda ta hana masu bi kai juna ƙara gaban marasa bi, ta hau kanmu, dattawa su kira shi kafin a ambaci hukuma. Kuma ina da magana da mu fastoci. Muna gayyatar matan nan su yi waƙa a taro, muna kunna faifansu a lasifika, ba mu taɓa tambaya ko sun fita bashi ba. Wannan ba laifin gwamnati ba ne.

Dauda: Mama, in kun yarda, a ba mu waƙoƙin da hannunku, masu kyawun sauti, da sunanku a jiki. Duk wanda na tura wa in ware muku hamsin, in riƙa aikowa ƙarshen wata. Zan yi wa abokan sana'ata uku magana. Ban yi alkawarin za su yarda ba.

Mama Rifkatu: Zan kai wa mata ranar Alhamis, ba ni kaɗai ke da waƙoƙin ba. Barista, ɗana zai neme ka a kan fom ɗin, shi ya iya waɗannan abubuwa. Baba Rabaran, maganar fastoci da kuka yi, ina roƙo ku maimaita ta a taron gunduma, domin in ni na faɗa za a ce kuɗi nake nema. Talatu, ki kira ni da yamma, akwai wata dattijuwa a ƙauyenmu da ta san asalin karin nan biyu, ina so mu je mu gaishe ta kafin a sake buga faifan.